Ana Naɗar Murya, Kada a Buɗe

Duk wanda ya ce maka malaman makaranta na tsoron na'ura, bai taɓa ce wa malami ya taƙaita magana ba. Waya ba ta ba su tsoro, kwamfuta ma da ɗan lallashi suna kama ta. Abin da ke sa su zufa shi ne a ce labarin duka kada ya wuce minti uku. Mutumin da ya saba a ba shi minti 40 da allo da alli da yaran da ba su da ikon tashi su tafi, ka zo ka ce masa kalma 250 ce rabonsa, ai ka taɓo inda ke masa ciwo.

Aikina ke nan, horar da malamai yadda za su koya wa ɗalibansu labarin dijital: gajeren bidiyo wanda mutum zai ba da labari da muryarsa, a jera hotuna a kai, wani lokaci da ɗan kiɗa a ƙasa. Joe Lambert da Dana Atchley da Nina Mullen ne suka kafa cibiyar wannan aiki a Kalifoniya ta Amurka a 1994, wadda yau ake kira StoryCenter. A 2001 BBC ta soma shirin Capture Wales tare da Daniel Meadows, kuma ma'aunin da suka yi aiki da shi nake riƙe da shi har gobe: kalma 250, hoto 12 ko kusa da haka, minti biyu. Ni nakan yi sassauci zuwa minti uku, don in zauna lafiya.

Bitar kwana uku ake yi mata, kuma ranar farko ba a taɓa waya. Ana zama ne a da'ira, mutum takwas zuwa goma, kowa ya faɗi labarinsa da baki, saura su yi masa tambaya. A ranar ne kuma ake koyar da takardar amincewa, domin ba a ɗaukar fuskar yaro ko muryarsa sai da izinin iyaye a rubuce, kuma takardar ta faɗi inda za a nuna bidiyon: a aji kawai, ko a taron makaranta, ko a intanet. Don su ga yadda ake cika ta, na ɗauki ɗaya na rubuta sunana, na sa alama a kowane akwati, na rattaba hannu, na miƙa ta zagaya. Ban ga inda ta tsaya ba.

Da aka zo rubutu, kusan kowa tsarin darasi ya kawo mini. Wannan ya fara da ma'anar labari, wancan da maƙasudi, wata malama ma ta rufe nata da tambayoyin auna fahimta guda biyar. Malamin lissafi, dattijo mai natsuwa da tabarau a kan hanci, shafi huɗu ya kawo, gaba da baya.

Na ce, "Malam, ina labarin yake a ciki?"

Ya ce, "Yana shafi na uku, Malam. Na farko da na biyu shimfiɗa ce."

Maganin wannan cuta tambaya ɗaya ce: a wane lokaci ne abu ya canza? Ba tarihin rayuwa ake nema ba, lokaci guda ake nema, da abin da ido ya gani a lokacin. Nasa yana nan a shafi na uku kuwa, kuma mai kyau: yana yaro aka manta da shi a aji bayan an tashi, aka kulle ƙofa, ya zauna yana ƙirga tagogi da kujeru har aka dawo nemansa, daga nan son lissafi ya shige shi. Na ce ya yanke sauran. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ninke shafukan ya sa a aljihu. Kuma kada a dogara da ƙidayar kalma kaɗai. A karanta da ƙarfi ana duba agogo, domin saurin bakin mutane ba ɗaya ba ne, kuma jimlar da ta yi kyau a takarda takan shaƙe mutum a maƙogwaro.

Rana ta biyu ta murya ce, kuma a nan ne yawancin labarai ke mutuwa. Mai kallo zai yafe hoto mai duhu, amma ba zai yafe muryar da ba ya ji ba. Aji shi ne mafi munin wurin naɗa, domin bango da daɓe da tagogi duk suna mayar da sauti, sai murya ta fito kamar daga cikin randa. Wurin da ake so ƙarami ne, cike da kayan da ke shanye sauti: littattafai, labule, katifa, ko cikin mota a rufe. A kashe fanka, domin kunne ya saba da ita ya daina jin ta, makirufo kuwa bai saba ba. A riƙe waya santimita 15 zuwa 20 daga baki, a ɗan karkata ta gefe don iskar "f" da "b" kada ta buge ta. A bar daƙiƙa goma na shiru a farko, saboda manhajar tace sauti irin Audacity, wadda kyauta ce, tana buƙatar ta ji hayaniyar ɗakin ita kaɗai kafin ta iya rage ta. Idan aka matsa tacewar da yawa, muryar ta koma ta ƙarfe. Sannan kowace waya a sa ta a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya ya isa ya katse naɗi.

Wannan doka ta ƙarshe na kafa ta da ƙarfi. Na bi layi-layi ina duba wayoyi har sai da na ga ɗan hoton jirgin a kowace. Na samo ɗakin ajiyar littattafai, ba taga, ba fanka, kantoci cike har sama. Na rubuta a takarda na manna a ƙofa: ana naɗar murya, kada a buɗe, kada a ƙwanƙwasa. Na ƙara musu da baki cewa ko me suka ji daga ciki, kada kowa ya motsa sai mun fito da kanmu. Malamin lissafi ne na farko, muka shiga.

Ƙofar tana da ɗan lilo, iska na kaɗa ta. Wani bawan Allah mai son taimako ya lura, ya lallaɓo a hankali ya zura mata sakata ta waje, ya koma ya zauna.

Naɗin ya yi kyau ƙwarai, minti biyu da rabi. Na tura ƙofa, ta ƙi. Na ƙwanƙwasa a hankali, irin ta mai mutunci. Shiru. Na buga da tafin hannu. Daga baya aka gaya mini cewa sun ji sarai, sai wata malama ta ce gwaji ne, ina so in ga wanda zai karya doka, kowa ya daɗa gyara zama. Na cire wayata daga yanayin jirgi na kira na farko, ba ta shiga. Na biyu, ba ta shiga. Malamai ba su taɓa yi mini biyayya irin ta wannan rana ba.

Zufa ta fara bin bayana. Malamin lissafi ya share saman wani kwali ya zauna, ya zaro shafukan nan daga aljihu ya warware.

"Tun da Allah ya ba mu lokaci, Malam, bari ka ji shimfiɗar."

Na ji ta duka. Har da wani shafi na biyar da ban san da shi ba. Tsakanin sakin layi da sakin layi ina dukan ƙofa ina cewa, "Jama'a, ba gwaji ba ne! Don girman Allah a buɗe!" Mai gadi ne ya cece mu, shi da bai halarci bitar ba balle ya san doka. Ban tuna da wayar Malam ba, wadda ke ajiye a kan kanta, ɗigon ja yana ta ƙiftawa.

Hotuna ba su ba da wahala sosai ba. A ɗauka a kwance, ba a tsaye ba, domin allon majigi mai faɗi ne, hoton tsaye yakan bar baƙin fili dama da hagu. A goge gilashin kyamara, haske ya kasance a bayan mai ɗauka. Labarin minti biyu da hoto 12 na nufin kowane hoto zai yi kimanin daƙiƙa goma, don haka a ɗan sa shi ya riƙa matsowa a hankali kada ido ya gaji. Zanen yara da aka ɗauka da waya ya fi hoton intanet sau goma, kuma ba mai biyo ka bashin haƙƙin mallaka. In dole sai na intanet, a nemi mai lasisin Creative Commons, wato wanda mai shi ya ba da izinin a yi amfani da shi, a rubuta sunan mai shi a ƙarshe. Wajen turawa tsakanin wayoyi a tura a matsayin fayil, domin manhajojin saƙo kan matse hoto, a waya ba za ka gane ba sai an haska shi a bango.

Haɗawa kuwa tana da tsari, kuma wanda ya saɓa shi zai yi aiki biyu. Murya ake fara shimfiɗawa, a jera hotuna su bi ta, kiɗa ya zo a ƙarshe, ƙasa da murya da desibel 15 zuwa 20 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma marar waƙa, don baki biyu ba sa magana lokaci guda. Mataimakiyar shugaban makarantar ta gano inda ake canza salon shigowar hoto, ta rantse sai ta yi amfani da kowanne. Hoton mahaifiyarta ya shigo yana juyi, ya fita ta cikin tauraro.

Na ce, "Hajiya, labarin rasuwa ne fa."

Ta ce, "To ai don kada a yi kuka da yawa."

Yankewa kai tsaye da narkewar hoto cikin hoto sun isa kowane labari. A kuma gwada salon rubutu tun da wuri, domin wasu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati a tsakiyar sunan yaro.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne bambancin aikin da ke cikin manhaja da bidiyon da aka fitar. Abin da kake gani a manhaja jeri ne kawai, yana nuni zuwa hotunan da ke cikin waya. Wani matashin malami ya ga wayarsa ta cika, ya goge hotunan tun da a ganinsa sun riga sun shiga, ya dawo ya tarar da muryarsa tana ba da labari a kan baƙin allo. Sai an fitar da shi a matsayin fayil ɗin bidiyo na MP4, an kunna an gani daga farko zuwa ƙarshe, an kwafa a wuri na biyu, sannan a goge komai. Kuma matsakaicin ingancin hoto, wato 720p, ya wadatar a aji. Bidiyon waya na 1080p, wanda ya fi shi inganci, yakan ci megabayit ɗari ko fiye a minti guda, wanda shi ne dalilin cikar wayar tun farko.

Tambayar da ta fi kowace amfani wata malamar firamare ce ta yi: yara 50, waya biyar, yaya za a yi? A raba su rukuni goma na mutum biyar: mai rubutu, mai karantawa, masu zane biyu, mai haɗawa. Yawancin aikin a takarda yake. Kowane rukuni ya ja layi a tsakiyar shafi, magana a hagu, hoton da zai hau kanta a dama, kuma ba a miƙa wa rukuni waya sai malami ya ga wannan shafi ya cika. Ta haka waya biyar za ta zagaya, rabi na naɗa, rabi na zane. Wajen ba da maki, labari da fitar murya su ɗauki kaso mafi girma, ado ya ɗauki kaɗan, in ba haka ba yaron da gidansu ke da babbar waya shi zai riƙa zuwa na ɗaya.

Ranar nuni majigi ya kawo hoto tas, ba sauti. Kebul ɗin VGA ne, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, kuma hoto kawai yake ɗauka. HDMI ne ke ɗaukar duka biyun. Muka jona lasifika kai tsaye a ramin abin sauraro na kwamfuta, magana ta fito.

Na malamin lissafi aka sa a ƙarshe. Minti biyu da daƙiƙa 50, zanen aji da fensir, kujeru babu kowa, muryarsa a natse. Ya bi kowace doka. Da ya iso inda aka kulle yaron, sai allo ya yi duhu, aka ji dukan ƙofa, bam, bam, bam, sannan muryar wani babban mutum ta cika ɗakin: "Jama'a, don girman Allah a buɗe!" Ya yanke "ba gwaji ba ne" tsaf, ko tabo babu, har ya ɗan rage mata ƙarfi don kada ta danne tasa. Hajiya ta sauko daga kujera don dariya. Wanda ya zura sakatar ya nemi a maimaita wurin.

Na bari aka lafa, na gyara murya na ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Sai dai mun ce ba a sa muryar mutum sai da izininsa a rubuce."

Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ya sa hannu a aljihun nan nasa ya zaro takarda ya warware. Sunana ne, da sa hannuna. Ya ɗora yatsa a kan akwati na uku ya ce, "Har da intanet ka amince."