Wa ake yi wa jawabin yaye ɗalibai?

Makon jiya ɗan yayata ya kawo mini takarda shafi uku, wai shi aka zaɓa ya yi jawabi a madadin 'yan ajinsu ranar bikin yaye ɗalibai, a wata sakandare nan Tudun Wadan Zariya. Shafi ɗaya da rabi ya ƙare a gaida babban baƙo da uban taro da uwar taro. Ragowar kuwa "mu ne manyan gobe" ne iri-iri. Na ce masa wannan ai gaisuwa ce. Ya ce, "Kawu, ai haka ake yi."

To, ni abin da ke damuna ke nan. A Zariya in aka tashi zaburar da yara, sai a jero sunayen da suka fito daga Kwalejin Barewa: Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, 'Yar'aduwa. Gaskiya ne, babu ja. Amma ba a faɗa wa yaran cewa Sardauna da ya gama Kwalejin Katsina (wadda daga baya ta zama Barewa) a 1931, koyarwa ya koma yi a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa ma da alli ya fara a Bauci. Wannan shi ne abin da yaro ɗan shekara 17 zai iya kamawa, don ya san inda ake sa ƙafar farko.

Kuma mu daina yi kamar duk ajin Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru ko Kongo, za su wuce. Akwai wanda kiredit biyar ɗin nan da Turanci da Lissafi ba za su haɗu masa ba sai ya sake zama. Akwai wanda JAMB za ta riƙe shekara biyu. Akwai wadda an riga an sa mata rana. Suna zaune a layin baya cikin rigar bikin da aka yi haya, kuma ba wanda ya taɓa rubuta musu ko jimla ɗaya.

Na ce wa yaron ya taƙaita gaisuwa a layi biyu, ya zaɓi abu ɗaya tak da yake so su yi. Ya zaɓi cewa kada kowa ya zauna jiran sakamako hannu rabbana: ɗinki, gyaran waya a PZ, ko tsaron shago a kasuwar Sabon Gari. Sai ya buɗe da labarin ranar da ruwa ya kwashe rufin ajinsu, suka yi jarrabawa a gindin darbejiya.

Jiya ya karanta mini da ƙarfi, minti huɗu cif. Uwarsa na tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariya tana saurare.