Takardar gwajin zuciya da sirrin majinyaci

Na karanta wani labari da ya ce kwamfuta za ta koyi karanta takardun ECG, wato gwajin bugun zuciya, na asibitoci da yawa ba tare da an kwashe bayanan majinyata ba, kowane asibiti ya horar da ita a gida, abin da ta koya kawai za a tura. Wani ma ya ce da haka maganar sirrin majinyaci ta ƙare. Wallahi ina goyon baya, don takardar nan irin ta rasit ɗin POS ce, zafin Legas yana goge layukan, ta mahaifiyata da aka yi a wani asibiti wajen Agege ta koɗe, likitan zuciya ya rasa tsohuwar da zai kwatanta da sabuwa. Amma kai da ka ce magana ta ƙare, malam a saman takardar fa akwai suna da shekaru, ma'aikacin da zai ɗauki hotonta da wayarsa don a saka wa kwamfutar, wa ke sa masa ido? Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, to wa zai nemi izinin majinyaci, kuma da Hausa ko Yarbanci za a yi masa bayani?