A biya manomi ya hutar da gona, amma a san wace gona

Akwai filin da nomansa asara ne: gangaren da ruwan sama ke wanke wa ƙasa duk shekara, ko bakin rafin da taki ke zurarewa cikinsa. Mai shi ba zai bar shi haka kawai ba, domin ɗan abin da yake samu a wurin iyalinsa na bukata. Masu cin moriyar barin filin kuwa su ne masu shan ruwan rafin. Don haka ina ganin daidai ne gwamnati ta biya. Inda ake samun tangarɗa shi ne tsarin biyan.

Amurka ta kafa shirinta na biyan manoma su hutar da gona, mai suna CRP (Conservation Reserve Program), a 1985. Manomi yana sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya daina noma filin, ya shuka ciyawa ko itatuwa. Ana biyansa haya duk shekara, gwamnati kuma ta ɗauki har rabin kuɗin shukar. Ba kowa ake karɓa ba. Manoma na miƙa tayi, a ba kowane fili maki gwargwadon haɗarin zaizaya, amfaninsa ga ruwa da namun daji, da kuɗin da mai shi ya nema. Dole ne kuma a ce an noma filin shekara 4 cikin 6 da doka ta ƙayyade, don kada wani ya kawo dajin da bai taɓa sa wa garma ba ya karɓi kuɗi. Wannan tantancewar ce Tarayyar Turai ta rasa a 1992, lokacin da ta tilasta wa manyan manoma barin kashi 15 cikin 100 na gonakinsu don rage rarar hatsi. Kowa ya ware inda ya ga dama, kuma da abinci ya yi tsada a 2008 aka dakatar da tsarin.

Farashin hatsi shi ne babban abin da ke rushe irin wannan shiri. A 2007 filayen CRP sun kai eka miliyan 36.8. Da masara ta yi daraja, yarjejeniyoyi suka riƙa ƙarewa ba a sabunta ba, dokar noma ta 2014 kuma ta sauke iyakar filayen da shirin zai iya ɗauka zuwa eka miliyan 24. Ciyawar da saiwarta ta shekara goma tana ɗaure ƙasa, garma ta tumɓuke ta a yini guda. Idan kuma aka ƙara kuɗin hayar fiye da kima, masu filaye sai su karɓe gonaki daga hannun masu haya su ba gwamnati, masu sayar da taki da iri su rasa ciniki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ya sa doka ta hana a sa fiye da kashi 25 na gonakin gunduma ɗaya a shirin.

A ganina kuɗin ya fi amfani idan aka zuba shi a ƙananan layuka maimakon gona sukutum. Masu bincike na Jami'ar Jihar Iowa sun gano cewa mayar da kashi 10 na gona layukan ciyawar daji, a gicciye da gangare, ya rage ƙasar da ruwa ke kwashewa da kusan kashi 95. Manomi na ci gaba da noma sauran kashi 90, don haka tashin farashi ba ya cika ruɗarsa.

Sai dai hutar da fili aiki ne. A shekara biyun farko haki ke rinjayar abin da aka shuka, sai an riƙa yanke shi kafin ya zubar da iri. Daga baya ciyawar kan cushe, ta bukaci ƙona ko ɗan kiwo, a wajen lokacin da tsuntsaye ke sheƙa. Ya kamata a rubuta kuɗin wannan aiki a yarjejeniya tun farko, jami'i kuma ya taka filin kafin a saki kuɗin kowace shekara.