Sati biyu ba ya koya wa yaro haɗa baƙi

Na karanta wani labari da ke yabon matasan Turai da ke zuwa Afirka su yi sati biyu suna koyarwa a makarantun talakawa, wai hakan na gyara ilimi. Niyyarsu mai kyau ce, ban musa ba, amma ni malamar firamare ce a unguwar Kurna da ke Kano, shekara 14 ina riƙe da alli. Yaran ajina sun haura ɗari, rabinsu a kan buhu suke zama, allon ya koɗe har sai na goga masa baƙin batir kafin rubutu ya fito. Baƙon da ba ya jin Hausa, me zai ce wa 'yar aji ɗaya? Kafin ya riƙe sunan yara goma lokacin tafiyarsa ya yi, su kuma sun shaƙu da shi, a bar mu da rarrashi. Malam da ka ce baƙin nan sun fi mu tausayi, ai mu ma muna tura namu: tun 1987 Najeriya ke da shirin TAC mai aika malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karebiyan, kuma shekara biyu cur suke yi. Kuɗin jirgin mutum ɗaya daga Ingila benci nawa zai saya? Tunda gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, me ya hana masu shirya tafiyar su fara tambayar mu da ke cikin aji abin da muke buƙata?