Kuɗin tallafin bincike ba kyauta ba ne

Wallahi maganar nan ta dame ni, da an ji wani malami ya samu tallafin bincike na TETFund, wato hukumar gwamnatin Najeriya mai tallafa wa manyan makarantu, sai kowa ya ce ai Malam ya haye, sai mota da ƙarin aure. Kuma ban ga laifinsu ba, tunda sun ji an ce kuɗi ne da ba a biya.

Eh ba bashi ba ne, amma fa ba naka ba ne. TETFund daga harajin da kamfanoni ke biya take samun kuɗinta, kuma dokar 2011 da ta kafa ta manyan makarantun gwamnati ta tanada wa, jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi. Kafin a ba ka sai ka rubuta me za ka bincika da nawa kowane abu zai ci, sannan kashi-kashi ake sakin kuɗin.

Misali malama ce take binciken yadda yaran firamare ke koyon karatu da Hausa, kuɗin mota zuwa makarantu, buga takardun gwaji, sallamar masu taya ta tattara bayanai, kowanne sai da rasit. In ba ta kawo rahoton aikin farko ba, ragowar kuɗin ba zai fito ba.