Roƙon taimako: aljihun saurayi daban, na magidanci daban

Duk wanda ke zuwa tafsirin azumi a Tudun Wada ko Rigasa ya san lokacin da malam ke rufe littafi a miƙa wa ɗan kwamitin marayu lasifika. "Wa zai buɗe mana da dubu ɗari?" Sai a sauko hamsin, ashirin, goma. Bara ina zaune kusa da wani maƙwabcina, malamin firamare mai 'ya'ya shida, na ga ya sunkuyar da kai yana jan carbi har aka tashi. Na san ya biya wa 'yar marigayi wansa kuɗin WAEC, ga mahaifiyarsa a gidansa tana shan maganin hawan jini. Mai lasifika bai san wannan ba, sai ya rufe da wa'azi kan rowa.

Kuskuren yawancin masu neman taimako a Kaduna ke nan. Saƙo ɗaya suke turawa a WhatsApp, magana ɗaya suke yi a masallaci, alhali masu sauraro ba a mataki ɗaya suke na rayuwa ba.

Saurayi mai ɗan shagon POS ba shi da yawa, amma babu mai jiransa da kuɗin cefane. Zai ga hoton mara lafiya a Facebook da tsakar dare ya tura dubu ɗaya nan take, zai fito rabon abincin buɗa-baki, zai ba da jini. Da ya fara haɗa lefe, shi ke nan, sai dai a gaisa.

Magidanci shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Kyautarsa ba ta ragu ba, ta koma cikin dangi ne, inda babu rasit babu sanarwa. Addini ma ya ce ka fara da waɗanda kake ciyarwa, kuma sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce. Zakkar dukiya, kashi 2.5 cikin ɗari, ba ta hawa kansa sai ya mallaki nisabi, kimanin giram 85 na zinare, ya shekara a hannunsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, albashin wa ke kwana wata balle shekara? Amma zakkar fidda-kai kan kowane rai take, gida mai mutum tara sa'i tara zai auna. Sannan a zo masa da roƙo a goman ƙarshe, lokacin da tela ke jiran cikon kuɗin ɗinkin yara. Dabarar Izala ta karɓar fatun layya ta burge ni a nan: ta nemi abin da ke cikin gida, ba abin da za a ciro daga aljihu ba.

Uwargida kuwa, da wuya ka ji an yi magana da ita, alhali ita ce ke zuba wa almajiri tuwo kullum, ita ke ware kayan da suka yi wa yara kaɗan, ita ke kwasar adashi ta sayi katifa idan za a aurar da marainiyar layi.

Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, hankalinsa na kan sadakatul jariya: rijiyar burtsatse, aji a Islamiyya, gidan haya da zai bari wakafi. Hoton yaro yana kuka ba ya motsa shi sosai. So yake a kai shi ya ga filin, a nuna masa takarda, a faɗa masa wanda zai gyara famfon idan ya lalace bayan ba shi. Kuma kafin a ɗora masa babban buri, a leƙa gidan tukuna, don wani fanshonsa bai fito ba, ga 'ya ta dawo da jikoki uku.