Atishawa mai wari ba abin ɓoyewa ba ne

Jama'a don Allah ku ba ni minti biyu, akwai abin da ya daɗe yana ci mun tuwo a ƙwarya. Mutum zai yi atishawa a cikin Keke Napep ko a sahun sallah wari ya tashi, shi kansa ya ji, sai kunya ta kama shi ya jefa kanumfari a baki ya shafa turare shikenan an wuce wajen. Wallahi ba a wuce ba, ciwon na nan ciki.

Yawanci daga kogon ƙashin fuska yake fitowa, wanda likitoci ke ce wa sainos. In mura ta daɗe majina ta taru a ciki ta rasa hanyar fita sai ƙwayoyin cuta su samu wajen zama, ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, goshi da kumatu su yi nauyi musamman in ka kai sujada. Ga ƙurar hunturun nan tamu ta Zariya daga Disamba har Fabrairu, ka bi Kwangila ko Ƙofar Doka a kan mashin ba takunkumi ka ga abin da za ka fyato. Wani kuma haƙori ne, turamen sama saiwarsu dab take da kogon nan, in ɗaya ya ruɓe warin har hanci.

Amma wanda ya fi tsaya mun a rai na yara ne. 'Yar yayata shekararta 3, sati uku ana ɗura mata maganin mura daga kemis, majina na fita ta hanci ɗaya kawai, warin kuwa ko goya ta aka yi sai an ji. Da aka kai ta asibiti guntun soson katifa likita ya zaro, ya yi baƙi ƙirin, uwar har kuka ta yi. Iyaye mata ku riƙe wannan, wari ta hanci ɗaya a jikin yaro a fara zargin ya cusa wani abu ne, wake ko takarda, kar a sa tsinke a ce za a ciro a gida. In ƙaramin batirin agogo ne kuwa a tafi asibiti a take, ƙona naman hanci yake yi.

Mu manya a tafasa ruwa ya huce, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya a riƙa wanke hanci, banda ruwan rijiya kai tsaye. A yi sirace, a sha ruwa sosai, buroshi da asuwaki safe da dare har da harshe. Shan Ampiclox ba likita kuma don Allah a bari.

In abu ya haura kwana 10, ko ga zazzaɓi, ko gefen ido ya fara kumbura, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika, a daure a je a yanki kati.